Yadda Rundunonin Amurka Suka Koyi Jin Muryar Juna

A daren 24 ga Afrilun 1980 sojojin Amurka suka sauka a hamadar Iran, da niyyar kuɓuto 'yan ƙasarsu da ake tsare da su a ofishin jakadanci a Tehran. Jirage masu saukar ungulu na sojan ruwa ne, manyan jiragen C-130 na sojan sama, mayaƙan kuwa na sojan ƙasa. Kowa da shugabansa, kowa da irin horonsa. Ko Tehran ba su isa ba. Jirage biyu suka yi karo, mutum 8 suka mutu.

Bayan shekara uku aka maimaita a tsibirin Giranada. Sojan ƙasa yana hango jirgin yaƙin ƙasarsu a teku, amma rediyonsa ba ta iya kiransa.

A ganina na'ura ba ta da laifi. Kowace runduna ita ke sayen kayanta da kasonta na kuɗi, ba ruwanta da ko za su dace da na 'yar'uwarta. Majalisar dokoki ta gane haka, shi ya sa dokar Goldwater-Nichols ta 1986 ta taɓa iko kansa: umarni ya riƙa fitowa daga shugaban ƙasa zuwa sakataren tsaro, ya sauka kan kwamanda guda mai riƙe da dukkan rundunonin yankinsa. Hafsan da ke son zama janar kuma sai ya yi aiki tare da wasu rundunoni.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba. Ranar 14 ga Afrilun 1994, a arewacin Iraki, jiragen F-15 biyu suka harbo jiragen Black Hawk biyu na sojan ƙasarsu, suna zaton na Iraki ne. Masu F-15 na magana a zango ɗaya, masu Black Hawk a wani. Lambar shaidar "namu ne" da masu Black Hawk ke aikawa ba ita ake tsammani a yankin ba. Abin da ya fi ciwo, jirgin AWACS mai sa ido yana sama, kuma ya yi magana da ɓangarorin biyu. Mutum 26 suka rasu.

Yau akwai Link 16, wanda ke nuna wa matuƙin jirgi da kyaftin ɗin ruwa taswira ɗaya a allo, har ƙawayen NATO na amfani da shi. Ana kuma gina sabon tsari mai suna JADC2 don haɗa komai, amma sojan ƙasa, na ruwa da na sama kowanne ya buɗe nasa shirin a ƙarƙashinsa, da nasa kasafin.