Daga Harjin Gwanaye Zuwa Mu'ujamun Abdulbaƙi: Tarihin Neman Kalma a Alƙur'ani a Ƙasar Jahun

Ƙasar Jahun, wadda a yau take cikin masarautar Dutse, ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a shekarar 1991. Tana bisa hanyar da almajirai suka riƙa bi idan sun nufi gabas neman karatu, wato Haɗeja da Borno, inda gwanayen Alƙur'ani suka yi suna. Tsarin tsangayun wannan yanki sananne ne. Yaro yakan fara a matsayin kolo, ya zama titibiri, sannan gardi. Wanda ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka shi ne alaramma, a samansa kuma akwai gwani. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne hanyar da waɗannan malamai suka bi wajen warware matsalar da ke damun duk mai nazarin littafi mai tsarki: idan kalma ta zo a wani wuri, ina da ina kuma ta sake zuwa, kuma sau nawa?

Amsarsu ita ce ilimin harji. Gwani yakan san adadin zuwan kalma ko gaɓar aya, da surar da take ciki, da ɗan bambancin da ke tsakaninta da mai kama da ita. A gefen wasu Alƙur'anai na rubutun hannu akan ga an yi alama da ƙaramin rubutu ana nuna cewa wannan lafazi sau ɗaya tak ya zo, ko sau biyu, ko fiye. Dalilin bai ɓoyu ba. Mai rubutu da ka ba ya tsoron ayar da ba ta da kama, ayoyi masu kama da juna su ne ke kayar da shi. Ƙissar umartar Banu Isra'ila da shiga alƙarya ta zo a Baƙara ta kuma zo a A'arafi, amma an gabatar da wata kalma a nan an jinkirta ta a can, akwai wawun a ɗaya babu a ɗaya. Wanda bai riƙe irin wannan ba, sai ya tashi daga Baƙara ya sauka a A'arafi bai sani ba. Haka nan masu wannan fanni suke riƙe da cewa aya guda ta maimaitu sau 31 a Suratur Rahman, kuma kalmar "kalla" ta zo sau 33, dukkansu a rabi na biyu na Alƙur'ani, farkonsu a Suratu Maryam.

Wannan ilimi yana da asali mai nisa. Alkisa'i, ɗaya daga cikin makaranta bakwai, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan hijira, ya tattara lafuzza masu kama da juna a littafi, Assakhawi kuma ya tsara su a waƙe a ƙarni na bakwai domin sauƙin hadda. Suyuɗi ya ware musu babi a cikin Itƙan, littafin da malaman ƙasar Hausa suka sani sarai. To amma duk waɗannan an yi su ne domin mahaddaci. Ba su amsa wa wanda yake son ganin dukkan wuraren da aka ambaci haƙuri, ko riba, ko maraya, a jere a shafi guda.

Irin wancan littafi, wato fihirisar kalmomi, ya fara bunƙasa ne a Turai. Wajen shekarar 1230 wasu malaman Kirista a Faris suka shirya wa Baibul na Latin irinsa. A 1842 wani Bajamushe mai suna Gustav Flügel ya buga fihirisar Alƙur'ani a birnin Laifzig da sunan Nujumul Furƙan, bisa bugun Alƙur'anin da shi kansa ya fitar a 1834. Aikin ya yi amfani, sai dai yana da aibi biyu: ƙidayar ayoyinsa ba ta dace da ko ɗaya daga cikin ƙidayoyin da Musulmi suka gada ba, sannan ya mayar da wasu kalmomi ga tushen da ba nasu ba. Malamin Masar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ne ya gyara wannan. A 1945 ya fitar da Almu'ujamul Mufahras a Alƙahira, ya tsara kalmomi bisa tushensu na Larabci, ya bi lambobin ayoyi na bugun Masar na 1924. Tun daga nan littafin ya zama abokin aikin masu tafsiri da ɗaliban jami'a, kuma babu abin da ya taimaki tafsirin maudu'i kamarsa, domin mai bincike yana iya bin kalma ɗaya daga surorin Makka zuwa na Madina ya ga yadda ma'anarta take sauyawa da muhalli.

Sai dai da littafin ya iso kasuwar Kurmi da shagunan littattafai na Kano, bai zauna daidai da allon almajirin Jahun ba. Abdulbaƙi ya gina aikinsa a kan ruwayar Hafsu da ƙidayar mutanen Kufa, mai ayoyi 6,236. Tsangaya kuwa Warshu take karantawa, ƙidayar da ke tafiya da ita ta mutanen Madina ce, mai ayoyi 6,214. Baƙara kaɗai tana da 286 a can, 285 a nan. Ban da wannan ma, alaramma ba ya neman wuri da lambar aya, da izu da sumuni yake nema, kuma Alƙur'anin hannu yana nuna ƙarshen aya ne da alama, ba da lamba ba.

Bambancin ya wuce na lissafi. A ƙissar mutumin da aka matar shekara ɗari a Baƙara, akwai aikatau da Hafsu yake karantawa da zayun, Warshu kuma da ra'un, don haka tushen kalmar ya bambanta, kuma mai Warshu da ya neme ta a inda yake tsammani ba zai same ta ba. A Zukhrufi, wurin da ake siffanta mala'iku, Hafsu yana karanta jam'in bawa, Warshu yana karanta kalmar da ke nufin "a wurin". Sannan ƙananan haruffa irin su wawun da fa'un, waɗanda su ne zuciyar harji, mu'ujamun bai ba su gurbi na kansu ba. Wato abin da gwani ya fi kulawa da shi, shi ne abin da littafin ya tsallake.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amarin ya fara karkata. Ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad a Madina ta fara aiki, bugunta na Hafsu ya cika masallatai ta hannun alhazai. A 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, makarantun Islamiyya da na tahfizi suka yawaita a Dutse da Jahun da Birnin Kudu, kuma yawancinsu Hafsu suke koyarwa. Ga ɗalibin irin wannan makaranta, lambobin Abdulbaƙi sun dace da mus'hafin da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma wayar hannu tana fito da sakamakon nema cikin ƙiftawar ido, ko da yake manhajar da ke neman siffar harafi kawai takan rasa kalmomin da suka fito daga tushe guda.

A nan ne ake fargabar asara. Harji yana zaune ne a ƙirjin gwanaye da gefen takardun da ke cikin gafaka, kuma ɗalibin da ya saba da waya ba ya jin bukatar ya zauna shekaru yana karɓarsa baki da baki. Kwafin Alƙur'anai na hannu da ke gidajen alarammomi a garuruwa irin su Aujara da Harbo da cikin garin Jahun su ne madogarar duk wanda zai so ya tattara waɗannan alamomi, ya gwada su da ƙidayar Madina, ya tsara su bisa izu da sumuni kamar yadda masu su suka saba nema.