Aikatau na 'Forestall' da Tarihin Zuwan Turawa Yola

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke ba masu fassara littattafan tarihi wahala akwai aikatau 'forestall'. Sau da yawa akan fassara shi da 'hana', kamar dai 'prevent'. A ganinmu wannan fassara ta gaza, domin ta zubar da ma'anar lokaci. Wanda ya hana, yana iya hanawa ko da abu ya riga ya kankama. Amma 'forestall' na nufin ka riga wani, ka tare gabansa tun bai fara ba. Tarihin Yola da Jimeta ya isa misali.

Asalin kalmar a tsohon Ingilishi shi ne kwanton ɓauna a kan hanya. Daga baya ta zama sunan wani laifi a dokar kasuwannin Ingila, wato mutum ya tare masu kaya a hanya ya saye kafin su iso kasuwa, don ya tsawwala farashi. Sai a shekarar 1844 aka soke wannan laifi. Bahaushe ya san irin wannan ciniki, inda ake tare manoma a bayan gari a saye hatsinsu.

A ƙarni na 19 kalmar ta yi fice a rubuce-rubuce kan rububin mallakar Afirka. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma kasancewarta kusa da kogin Binuwai ya sa Turawa suka sa mata ido. Bajamushe Eduard Flegel ya iso Yola a 1882, zamanin Lamiɗo Sanda. Da Ingilishi suka fahimci Jamus na neman yarjejeniya da daular Sakkwato, sai kamfanin George Goldie ya tura Joseph Thomson, wanda ya riga Flegel isa Sakkwato da Gwandu a 1885. Kamfanin ya sami takardar izinin sarauta a 1886, ya koma Royal Niger Company. Haka kuma ya yi ta ƙoƙarin toshe wa Bafaranshe Louis Mizon hanya, wanda ya iso Yola a 1891, zamanin Lamiɗo Zubairu. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a ɓangaren Ingila, alhali mafi yawan ƙasar Fombina ta faɗa hannun Jamus. A watan Satumba na 1901 dakarun Kanar Morland suka ci Yola, Zubairu ya fice. Jimeta kuwa ta bunƙasa ne a bakin kogin, inda Turawa suka kafa harkokin ciniki da mulki.

Idan aka ce Goldie ya 'hana' Jamusawa, ɗalibi zai ɗauka yaƙi aka yi. Gaskiyar magana ita ce tsere aka yi, aka riga su. Bugu da ƙari, kalmar tana ɗauke da mahangar mai rubutu: ta ambaci mai riga da wanda aka riga, ta yi shiru game da Lamiɗo da talakawansa, waɗanda ƙasarsu ce ake rububi a kai. Ashe ma'anar nan ta kasuwa ba ta gushe ba.

Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawara su bambance wurare uku. Inda ake tsere, a yi amfani da 'riga' ko 'shan gaba'. Inda ake kandagarkin cuta ko fitina, 'rigakafi' ya fi dacewa. Inda ake maganar ciniki kuwa, sai 'tare'. Ya kamata malaman Hausa da na tarihi a makarantun Yola da Jimeta su koyar da wannan bambanci da misalan garinsu, su kuma saba wa ɗalibai da tambayar: wa ya riga wa, kuma kayan wa aka tare?