Godaben Da Ya Raine Mu: Taƙaitaccen Tarihin 'Yan Tseren Keke A Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi

Yau dai na ɗan jingine ƙagaggen labari gefe guda, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Muna kwashe shirgi daga wani ɗaki a gidanmu na gado da ke Ƙauran Namoda, sai ga gangar jikin wani keke ta fito daga ƙarƙashin tsofaffin buhuna, babu taya babu sarƙa, sai ƙaho mai lanƙwasa kamar na rago da wani siririn sirdi da ɓera ya gaigaye. Ɗana ya dube shi ya ce, "Baba, wannan wane irin keke ne da ba shi da wurin goyo?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga amsar ta fi ƙarfin tsayuwar zaure. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Mu 'yan tseren keke na wannan yanki ba mu taɓa samun fili ba, ba mu da ƙungiya mai rajista, balle koci ko likita. Godabe shi ne filinmu. Babu wanda ya rubuta sunan wanda ya zo na ɗaya, abin da ya rage na shaida sai tabo a gwiwa da kafaɗar da ta karkace.

Kafin a yi maganar tsere sai an fara da yadda keken ya zo. A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya ƙare a Ƙaura, kuma abin da ya kawo shi shi ne gyaɗa da auduga. Jirgin da ke kwasar amfanin gona zuwa kudu ba ya dawowa hannu rabbana, yana ɗauke da kayan kantuna, kamar atamfa da gishiri da fitilar ƙwai, da kuma dokin ƙarfe. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh, ƙirar birnin Notingam na ƙasar Ingila, wanda mutanenmu suka mayar Rali. Tallarsa da aka yi ta liƙawa a ƙasashen Afirka hoton wani mutum ne bisa keke yana dariya, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa. Ka ga ke nan tun ranar farko da sunan gudu aka sayar mana da shi.

Kakana dillalin gyaɗa ne, kuma ya sha ba mu labarin cewa a zamanin En'e mai keke mutum ne da ake tashi a gaida. Ana yankar masa lasin, a ɗaura lamba a jikinsa, wanda duk ɗan doka ya kama babu ita ya shiga uku. Malamin haraji da malamin gona da malamin makaranta su ne masu keke, sai attajiri. Talaka kuwa sai haya. To a wajen masu hayar nan ne tsere ya samo asali, saboda lokaci ake saya, kuma yaron da ya ga lokacinsa ya kusa cika yana nesa da rumfa, dole ya taka iya ƙarfinsa. Haka kuma fatake masu dawowa daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, idan sun sayar da kaya kariya ta zama wayam, sai wani ya ce wanda ya riga isa Moriki shi za a saya wa goro. Na taɓa tambayar kakan nawa ko ya taɓa ci. Ya yi dariya ya ce, "Kai jikalle, mi ka sani? Ni da Rali na, ko iska sai ta bi bayana." Kakata tana gefe ta ce ƙarya yake yi, sau biyu ana kawo shi gida a kan jaki.

Daga baya har masana'antar haɗa Rali aka kafa a Kano, ga kuma Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha, keke ya zama na kowa. Amma bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuɗin Najeriya ya faɗi, sabon keke ya yi tsada, kasuwa ta koma hannun 'yan gwanjo. A cikin kayan gwanjon da ake shigowa da su ta Kwatano da Maraɗi ne muka fara ganin wani irin keke marar nauyi, mai siraran tayoyi da giya barkatai. Manoma ba su so shi ba, don ba ya ɗaukar buhu, saboda haka dillalai suka riƙa karyar da shi. Abin da babba ya raina shi yaro ya tsinta. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 ina sakandare, kuma ban daɗe ba na sayar da tunkiyar da mahaifiyata ta ba ni kiwo na sayi wannan da ɗana ya gani. Kwana uku Inna ba ta amsa gaisuwata ba.

Ba mu kai mu goma sha biyu ba. A cikinmu akwai tela, akwai yaron kafinta, akwai ɗalibai biyu na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, sai wani mai faci wanda ya girme mu duka, muna ce masa Yaya. Rumfarsa ita ce ofishinmu. Da an sallame sallar asuba sai mu haɗu. Ranar da muke son abu mai sauƙi mu nufi Zurmi, tafiyar fiye da kilomita 30. Ranar da muke jin kanmu kuwa sai Shinkafi, fiye da kilomita 50, ga kuma dawowa. Guzurinmu dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, da ruwa a tsohuwar robar man juye da aka wanke. In mun isa mu sha fura, mu miƙe a gindin bishiya, mu juyo. Babu mai hular kwano ko ɗaya. Takalminmu silifa ne ko kambas ɗin makaranta, wando kuwa sai a ɗaure bakinsa da kyauro kada sarƙa ta cafke.

Yaya ne ya koya mana abin da daga baya na gane shi ne sirrin tsere a duk duniya, wato bin bayan juna. Na gaba shi ke fasa iska, na bayansa yana hutawa, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Da hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke bugun ƙirji a hanyar Zurmi, wanda duk ya fita daga layi ya gama yawo. Sai dai wannan dabara ita ce kuma babban haɗarinmu, domin tazarar da ke tsakanin taya da taya ba ta wuce taƙi guda ba. Idan na gaba ya kama birki ba shiri, duk sai mu zube.

Abubuwan da ke kayar da mu kuwa ba su da iyaka. Akwai akuya mai tsallaka titi ba sallama. Akwai rairayin da ruwa ke zubowa kan kwalta da damina, wanda siririyar taya ba ta jure masa. Akwai ƙayar aduwa, akwai rami, akwai motar kasuwa da ba ta san da zamanmu ba. Kada mai karatu ya ɗauka talaka ne kaɗai keke ke wulaƙantawa. A 2001 ministan sufuri na ƙasa, Ojo Maduekwe, wanda ke kiran jama'a su koma hawan keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Ranar da labarin ya iso rumfar Yaya mun yi dariya har da hawaye, muka ce ashe muna da ɗan'uwa a gwamnati.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wata ranar bazara muka yi gardama da samarin Shinkafi, aka sa rana, aka ce daga Moriki zuwa bakin garinsu, ladan kuwa agogon hannu ne. Muka makara ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi, a watan da zafi ke haura digiri 40. Telan nan abokina, wanda ya fi mu duka gudu, ashe ya haɗiyi ƙwayar ƙarin kuzari irin ta 'yan ƙwadago, kuma ya ƙi ɗaukar ruwa wai nauyi ne. Muna cikin tafiya na lura gumi ya daina fito masa, yana magana ba kan gado. Na ce masa, "Malam, ka koma baya ka huta." Bai ko waiwayo ba. Can sai na ga keken yana rawa, tayarsa ta gogi ta na gabansa, mutum huɗu suka zube, ni ne na biyar. Ni na tsira da saɓulewar fata daga gwiwa zuwa ƙwauri. Shi kuwa ya faɗi kan kafaɗa, kansa ya bugi gefen kwalta.

Abin da muka yi bayan nan shi ne ya fi damuna har yau. Mutum ya suma, ya farfaɗo yana amai, maimakon mu nufi asibiti sai muka kai shi wajen mai ɗori, don tsoron faɗan iyaye da kuma rashin kuɗi. Allah ya kiyaye, kan bai zo da matsala ba, amma ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya haɗe a karkace. Wannan ƙashi shi ne wanda 'yan tseren keke suka fi karyawa a ko'ina, kuma sau da yawa yana warkewa lafiya idan an duba shi yadda ya kamata. Har yau abokina ba ya iya ɗaga hannun dama sama da kai, ga shi kuwa da hannu yake ci. Ni ma raunina toka da man juye aka shafa masa, babu wanda ya yi zancen allurar tetanas. Sai bayan shekaru na karanta labarin Tom Simpson, Baturen Ingila da ya faɗi ya mutu a kan wani dutse a gasar Tour de France ta 1967, zafin rana da ƙwaya suka haɗu suka tsayar masa da zuciya. Jikina ya yi sanyi, don na ga abin da ya rage tsakaninmu da makara bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma cututtukan da ba a faɗa saboda kunya. Zaman sirdi na awa huɗu cikin gumi yana kawo maruru a matse-matsi, wani lokaci gaban mutum ya yi sanyi kamar ba nasa ba. Mu duk basir muke ce masa, mu yi ta ɗirkar jiƙo, alhali maganin shi ne a daidaita tsawon sirdi, a riƙa miƙewa tsaye bisa feda lokaci zuwa lokaci, a wanke wando a shanya kullum. Ciwon gwiwa ma yawanci daga sirdin da ya yi ƙasa ne. Ƙannenmu da suka biyo baya kuwa sun faɗa wa tiramol, wadda ke ɓoye gajiya ta kuma kawo jiri, har ta kan jefa mutum cikin farfaɗiya. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun 2019, amma wa zai gaya wa yaron da ke Zurmi?

Abin da faɗuwa da karaya suka kasa yi, rashin tsaro ya yi shi. Babur ya fara janye samari, sannan daga wajajen 2011 ta'asar 'yan bindiga ta yi ta ƙaruwa, har hanyoyin da muke bi da asuba babu fargabar komai sai akuya suka zama wuraren da mai mota ma sai ya yi addu'a. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Yaya ya rasu, tela ya koma Gusau, sauran kowa ya kama gabansa.

Ina kallon duniya ina jin wani abu a maƙogwaro. Burkina Faso, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta fara gasarta ta Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci matakai uku a Tour de France. A shekarar ce kuma 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta je gasar Olamfik a Faris, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wasu daga cikin wasanninta. In wadda ta wakilci ƙasa aro ta yi, ina ga ɗan Ƙaura?

Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, keke ya dawo titunanmu, kuma inda duk yara biyu suka jeru bisa keke, tsere ya tashi. Saboda haka ga saƙona gare ku ƙannena da 'ya'yana. Ku nemi hular kwano ko ta gwanjo ce. Kada ku yi tsere da tsakar rana a bazara. Ku ɗauki ruwa, in da hali na gishiri da sukari, wato lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda duk ya bugu a ka ya suma ko ya yi amai, asibiti za a kai shi. Kuma kada ku fita bayan gari sai manya sun tabbatar hanya lafiya.

Keken nan dai na kai shi wajen ɗan marigayi Yaya, wanda ya gaji rumfar. Ya ce zai tashi in an samo taya. Ɗana ya riga ya fara tambayar nisan Shinkafi, na ce masa a yanzu iyakarsa tashar jirgi ya dawo. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya nuna mini ranar da zan raka shi har Moriki. Duk wanda ya yi zamani da mu, ko yake da labarin 'yan tseren garinsu, don Allah ya rubuta tun kafin masu tabon su ƙare. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.