Ƴan bindigar sarki: hayaƙin da ya rage daga rundunar Tanimu



Yau idan aka ce "ƴan bindiga" a rediyo, sai gaban mutum ya faɗi. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da kalmar ke nufi: an kore shanu, an ɗauki mutum sai an biya kuɗin fansa. Amma ku tambayi tsofaffi. A da, ɗan bindiga mutumin fada ne, yana ƙarƙashin Sarkin Bindiga, kuma har gobe su ne ke tafe gaban sarki ranar hawan Sallah suna ta da hayaƙi. Waɗancan dogayen bindigogin da yara ke toshe kunne saboda su, ragowar runduna ce ta gaske, kuma tana da tarihi.

Ita wannan bindiga ta baki ake ɗura ta. A tsayar da ita, a zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe, sannan a danna da doguwar sanda. Ta asali ƙanƙara ke gare ta, kamar ƙyastu: ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Harbi ɗaya ke nan, sai a sake ɗuri daga farko. In ruwan sama ya jiƙa albarushin, to ta zama sanda. Shi ya sa a wajen yaƙi ɗan bindiga ba ya rabuwa da maharba da mahaya doki, su ne ke kare shi lokacin da yake ɗuri.

A ƙasarmu babu sarkin da ya ɗauki wannan makami da muhimmanci kamar Tanimu ɗan Sulaimanu, Sarkin Damagaram, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. A lokacin Damagaram tana biyayya ga Borno, kuma Zinder zango ce babba ga ayarin da ke fitowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Agadas ya gangara Kano. Ta wannan hanya bindigogi suka riƙa shigowa, da farar wuta. Wayon Tanimu shi ne bai tsaya ga saye ba. Ya tara maƙera, aka riƙa haɗa albarushi a gida da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tatsowa daga ƙasa, har igwa aka zuba a cikin Zinder. Masana tarihi suna ba da adadin bindiga wajen 6,000 da igwa 40 a hannunsa. A zamaninsa ne kuma aka kewaye Birni da ganuwa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ɗaci. Yawancin masu riƙe da bindigogin bayin sarki ne, don sarki ya fi amincewa da su a kan ƴan uwansa masu neman gadon sarauta. Kuma kuɗin sayen makaman, da yawa daga cinikin bayi ya fito, mutanen da aka kamo a hare-hare aka tura Hamada. Ƙarfin da ya ɗaukaka Damagaram, wasu garuruwa da hawaye suka biya shi.

Da wannan runduna Damagaram ta fi ƙarfin maƙwabta, har a ƙarshen shekarun 1890 Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi cikin ƙasar Kano. To amma duniya ta riga ta juya. Turawa sun koma bindigar da ake sa wa harsashi ta baya, mai nisan zango, wadda kafin namu ya gama ɗuri ɗaya ta yi harbi da yawa. A 1890 kuma suka yi yarjejeniya a birnin Burusel ta hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka sababbin bindigogi, aka bar mana masu ƙanƙara. Kun ga an ɗaure kaza kafin a kira shaho.

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A Yuli 1899 sojojin Faransa, ragowar ayarin Voulet da Chanoine da suka yi ɓarna a Birnin Konni, suka iso Tirmini, yamma da Zinder. Nan aka gwabza. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba, amma makami ya fi makami. Zinder ta faɗi, aka kashe Sarki Amadu a watan Satumba na wannan shekara. Tun daga nan bindigar fada ta bar fagen fama, ta koma ta hawan Sallah da tarbar manyan baƙi.

Wasu ƙasashe sun san darajar irin wannan gado. A Amurka akwai ƙungiyar masu sha'awar bindigar ɗuri tun 1933, suna taruwa a garin Friendship na jihar Indiyana, su sa kayan fata irin na mafarautan da, su kwana a tanti, su yi gasar harbi. A Maroko, wasan Tbourida na mahaya masu harba bindiga lokaci ɗaya ya shiga kundin UNESCO a 2021, hawan Sallar Kano ma ya shiga a 2024. Su Amurkawa kwaikwayon kakanninsu suke yi bayan abin ya wuce. Mu namu bai yanke ba, hannu da hannu ya iso mana.

Abin tsoro shi ne tsofaffin da suka san awon albarushi da gyaran bindiga suna ƙarewa. Yaron da bai koya wajen babba ba sai ya cika ɗuri don a ji ƙararsa, bindiga ta fashe a hannunsa. Wanda ya san ko wane maƙeri ya ƙera wace, da wane yaƙi ta je, in ya rasu ya tafi da labarin. Marigayi Farfesa André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, jami'ar Zinder ma sunansa take ɗauke da shi. Ɗalibanta da ƴan jaridarmu, ga aiki a ƙofar gida: a je fada, a zauna da Sarkin Bindiga da mutanensa, a naɗi muryarsu tun suna da rai.

Ɓarayin daji sun sace mana shanu, kada mu bari su tafi da sunan ma. Wanda kakansa ɗan bindigar sarki ne, ya ba mu abin da ya ji a gida. Allah ya jiƙan magabata, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.