Daga Marisuwa Zuwa Allurar Mura



A hunturun da ya wuce wani saƙon murya ya zagaya wayoyin danginmu a Gezawa. Wata gwaggonmu ce da ta daɗe a Jidda. An yi mata allurar mura a can, ta kwana dantse a kumbure, ga ɗan zazzaɓi, jiki na ciwo kamar wadda ta yini tana sussuka. Kwana biyu ta warware. Bayan mako guda kuma sai ga majina da atishawa, nan take ta yanke hukunci cewa cutar aka ɗura mata. Kafin la'asar saƙon ya kai Jogana da Tsamiya Babba, kowa ya tura sai ya ƙara masa gishiri.

Gwaggo ba ƙarya ta yi ba. Duk abin da ta ce ta ji, ta ji shi. Inda aka samu matsala shi ne kalmar "mura", kuma laifin nan namu ne mu masu harshen, don da muna da wata kalmar muka bari ta ɓace.

Tsofaffin Kano suna kiran annobar 1918 da suna marisuwa. Ta shigo Najeriya ta Legas a watan Satumba na shekarar, a jirgin ruwa, ta bi layin dogon da bai fi shekara bakwai da isowa Kano ba. Zamanin Sarki Abbas ne, gyaɗa ta fara kawo kuɗi, mutane kuma ba su gama farfaɗowa daga yunwar 1914 ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, a lokacin da duk jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba, a duniya kuma ana maganar miliyan 50. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne waɗanda ta fi ɗauka: majiya ƙarfi 'yan shekara 20 zuwa 40, wato masu riƙe da garma da masu goyo.

Wanda ya san yadda ƙasarmu take ba sai an yi masa dogon bayani ba. A nan gona tana manne da gona, gida yana hango gida. Jakuna suna kai itace da hatsi birni, su dawo da taki. Ciwon da ya sauka a tashar jirgi ta Kano bai da wata tafiya mai nisa kafin ya iske mu, ga shi kuma ya zo da kaka, lokacin da kasuwanni suke cika. Babu allura a lokacin, ba a Kano ba, ba a Landan ba. Likitocin Turai ma ba su san takamaiman abin da ke kawo ta ba. Sai a 1933 aka ware ƙwayar cutar a Ingila, aka fara yi wa sojojin Amurka rigakafinta a shekarun yaƙin duniya na biyu, aka ba da izinin amfani da ita a 1945.

To, cutar da allurar gwaggo take karewa dangin marisuwa ce. Ita ce mai kayar da mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, mai iya sauka a huhun tsoho ko mai ciki ko mai ciwon suga ta kai shi kushewa. Murar da muka saba da ita, ta yoyon hanci da ake kora da citta da kanumfari, wasu ƙwayoyin ne daban suke kawo ta, iri-iri har sun fi ɗari, kuma allurar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Mu muka haɗa su a suna ɗaya. Don haka duk wanda aka yi wa "allurar mura" sannan ya yi mura, dole ya ga an yaudare shi.

Amma kalma kaɗai ba za ta sa saƙo ya kai Jogana kafin la'asar ba. Akwai tarihin da ya share masa hanya.

Allurar da kakanninmu suka fara sani ita ce lamba, rigakafin agana. Sun ba mu labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan an ji 'yan lamba sun shigo gari. Daga 1967 aka yi babban gangami a Afirka ta Yamma da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ke tura maganin cikin fata ba tare da tsinin allura ba. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya, a 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya. Lamba ba ta da sauƙi ko kaɗan. Wurin yakan yi ƙurji, ya tara ruwa, ya yi ɓawo, a yi zazzaɓi, tabon ya zauna har mutuwa. Sai dai ku lura da yadda suka fassara wahalar: idan wurin ya tashi sai a ce "ta kama". Wadda ba ta tashi ba ita ce abin damuwa. Sun ga fuskokin da agana ta zane, sun ga waɗanda ta makantar, suna da abin da za su auna ƙurjin da shi. (Ga mai rubuta labari: tabon da ke dantsen wanda aka haifa bayan 1980 ba na agana ba ne, na rigakafin tarin fuka ne. Mun sha ganin an rikita su.)

Wannan fahimtar ta samu mummunan rauni a 1996. A shekarar sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, mafi yawa a Arewa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar daga waɗanda aka bai wa Trovan, shida daga waɗanda aka bai wa ɗayan maganin, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake bai wa wanda ya riga ya kamu. Amma wa zai tsaya yi wa uwar da ta binne ɗa wannan rarrabewar? Abin da ya zauna a zukata shi ne, baƙi sun zo da magani kyauta, yara sun mutu.

Shekara bakwai bayan haka, a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Ba a dawo ba sai a watan Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har ita Indonesiyar ta isa a 2005. Zargin bai tabbata ba, guragun kuwa suna nan, mun san su, wasu sa'o'inmu ne. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. Sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Mu a ganinmu, marubucin da ya mayar da masu ƙin allura jahilai a labarinsa bai karanta 1996 ba, wanda kuma ya mayar da kowane kumburin dantse makirci bai karanta 2003 ba. Duka biyun muna ganinsu a rubuce-rubucen da ake turowa.

Ita allurar mura tana da nata tabon a tarihi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A 1976 wani soja ya mutu da murar aladu a barikin Fort Dix na Amurka. Hukuma ta tsorata kada 1918 ta dawo, aka yi wa sama da mutum miliyan 40 allura cikin 'yan watanni. Annobar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙaruwar wata cuta mai raunana jijiyoyi har ƙafafu su kasa ɗaukar mutum, wadda likitoci ke kira Gilan-Bare, kimanin mutum ɗaya a cikin kowane 100,000 da aka yi wa. A watan Disamba aka tsayar da shirin. An gano illar ne saboda ana ƙirgawa ana rubutawa. A allurar da ake yi duk shekara yanzu, haɗarin bai wuce mutum ɗaya ko biyu a cikin miliyan ba, ita kanta cutar ma tana iya jawo shi.

Abin da aka saba gani shi ne irin na gwaggo: ciwon dantse, kasala, ciwon kai, ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Wadda ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, ba yadda za a yi ta haifar da cutar. Jiki yana buƙatar kusan mako biyu kafin kariyar ta kankama, saboda haka ana iya kamuwa a tsakani. Kariyar ma ba cikakkiya ba ce, a shekara mai kyau takan rage haɗarin da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta zaɓi nau'o'in da za a sa, shi ya sa kuma ake maimaita ta duk shekara. Wanda numfashinsa ya sarƙe ko fuskarsa ta kumbura jim kaɗan bayan allura, ko ƙafafunsa suka fara sanyi a makonnin da suka biyo baya, wannan asibiti zai nufa ba tare da jira ba.

A nan gida allurar ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi wa yara kyauta, shi ya sa yawancinmu a bakin 'yan uwa na Saudiyya da Ingila muke jin labarinta, ko a wurin maniyyata, tunda hukumomin Saudiyya suna shawartar alhazai su yi ta. Cutar kuwa tana nan tare da mu. Tun 2008 ake bibiyarta a wasu asibitocin ƙasar nan, har da na Malam Aminu Kano. Idan ta kayar da tsoho a Gezawa da sanyi, zazzaɓi muke cewa, a sayo maganin maleriya a kemis.

Mun kira gwaggo daga baya. Muka ce, "Gwaggo, da an ce miki allurar marisuwa ce, da kin ce ta ba ki mura?" Ta yi shiru, sannan ta ce rabon da ta ji kalmar nan tun daga bakin kakarta, wadda ta ce a shekarar sai da aka bar gero a gona babu mai girbewa. Ta tambaye mu ko da gaske ita ce. Muka ce danginta ce. Ba ta ce za ta sake yi ba, ba ta kuma ce ba za ta yi ba, ta dai ce mu gaida mutanen gida. Saƙon nata na farko har yanzu yana yawo a WhatsApp, makon jiya wani ya sake turo mana shi daga Gabasawa, an ce wai wata mata ce a Makka.