Daga Zauren Alƙali Zuwa Rawanin Galadima

A ƙarni na 19 babu wani mai suna lauya a birnin Katsina. Alƙali aka sani. Tun da Malam Ummarun Dallaje ya karɓo tutar Shehu Usmanu ya hau mulki a 1807, mai ƙara da ƙafarsa yake zuwa zaure, ya durƙusa ya faɗi ta bakinsa. A nemi shaidu, in babu, a ba wanda ake ƙara rantsuwa. Littattafan Malikiyya ne madogara, irin su Risala da Muhtasar. Shari'ar da ta yi nauyi, kamar ta kisan kai ko rikicin ƙasa, fada ake kai ta, gaban sarki da 'yan majalisarsa. Tun can, ke nan, masanin shari'a a Katsina bai taɓa nisa da mulki ba.

Turawa sun shigo a 1903. Ba su rushe kotun alƙali ba, sai dai sun rage mata ƙarfi, sun sa ta ƙarƙashin En'e, lauya kuma ba shi da izinin tsayawa a cikinta. Aka shafe shekara hamsin lauya baƙo ne a Arewa.

A wannan yanayi aka haifi Mamman Nasir a 1929. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya tafi Ingila, ya zama lauya a Lincoln's Inn a 1955, cikin 'yan Arewa na farko. Ya dawo daidai lokacin da ake bukatar irinsa, domin ga 'yancin kai ya matso, ga sabuwar dokar laifuffuka ta 1959 da aka tsara don Musulmi da wanda ba Musulmi ba su tsaya gaban doka guda. A 1961 Sardauna ya ba shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32. Ni dai a nan nake ganin nauyin aikinsa: riƙe alƙalai masu rawani da lauyoyi masu baƙar riga a ma'aikata ɗaya, ba tare da an wulaƙanta kowa ba, ba ƙaramin haƙuri yake so ba.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya katse siyasar, ya koma aikin shari'a. Ya hau Kotun Ƙoli a 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. A cikin shekarun nan ne wani Bakatsinen, Muhammadu Bello, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1987.

Da Mamman Nasir ya ajiye aiki a 1992, Sarki Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Mutumin da ya yi shekara 14 yana duba hukuncin manyan kotuna ya koma zaure yana sasanta manomi da makiyayi da masu rigimar gado. Yana kan wannan rawani Allah ya karɓi ransa a Afrilun 2019.