Wa Ya Biya Bashin Zunubi?

A shekarar 2013, kwamitin da ke shirya sabon littafin waƙoƙi na Ikilisiyar Presbyterian ta Amurka ya ƙi saka waƙar "In Christ Alone", saboda wani baiti da ke maganar fushin Allah a kan gicciye. Marubutanta, Keith Getty da Stuart Townend, sun ƙi yarda a sauya baitin. Gardamar ta tayar da tsohuwar tambaya: ta yaya mutuwar Yesu ke kawo gafara?

Tushen yana cikin Littafin Firistoci sura 16. A Ranar Kafara ana kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya, ɗayan kuma babban firist ya ɗora masa hannu, ya furta laifofin jama'a, a kora shi jeji. Ishaya 53 ya zo da bawan da ya sha wahala saboda laifin wasu. Malaman farko na ikilisiya ba su daidaita bayani ba. Origen ya ɗauka Shaiɗan aka biya fansar, Gregory na Nazianzus kuwa ya ce wannan magana ba ta dace da Allah ba.

Wanda ya tsara batun shi ne Anselm, babban bishop na Canterbury. Rikici da sarkin Ingila William na Biyu ya sa ya yi gudun hijira, kuma a Italiya ya kammala littafinsa Cur Deus Homo a 1098. Hujjarsa ta burge ni ƙwarai: bashin yana kan mutum amma ba shi da abin biya, Allah yana da abin biya amma babu mai bin sa bashi. Dole ke nan mai biyan ya zama Allah kuma mutum. Sai dai Anselm bai ce an hukunta Yesu ba. A wurinsa, biyan ne ya kawar da hukuncin. John Calvin, wanda ya karanci shari'a, shi ya fito fili a bugun littafinsa Institutes na 1559 cewa hukuncin kansa ne ya sauka a kan Almasihu.

Masu suka ba su yi shiru ba. Abelard ya fi ganin gicciye a matsayin ƙaunar da ke juya zuciya. A 1594 Faustus Socinus ya yi tambaya mai nauyi: idan an biya bashi, ina yafiya? Amsar da ta gamsar da ni ita ce mai bin bashin shi ne ya biya daga nasa.

Wasu masana yau na cewa Anselm ya ƙirƙiro koyarwar daga al'adar bayi da iyayengijinsu ta Turai. Ban yarda ba. Ya ari harshen zamaninsa, wannan gaskiya ne, amma bunsurun Firistoci ya girme shi da fiye da shekara dubu. Fahimtar Calvin ce mishanonin SIM suka taho da ita Najeriya tun 1893, kuma ita ake wa'azi a ikilisiyar ECWA har yau.